Kafin Ka Kai Ƴaƴan Magen Nan Bola, Ka San Akwai Riƙo

A watan azumin 2023 wani bidiyo daga ƙasar Aljeriya ya karaɗe duniya. Liman Walid Mehsas yana jan sallar tarawihi, sai ga wata mage ta daka tsalle ta ɗare kafaɗarsa. Bai hankaɗe ta ba, bai katse karatu ba, ya shafa ta ya ci gaba. Da wuya a samu mai Facebook ko TikTok a cikinmu da bai gan shi ba. Mun tura wa juna, mun cika wurin sharhi da "Masha Allah", kowa yana yabon tausayin malamin.

To amma mu faɗa wa juna gaskiya. A unguwanninmu, idan mage ta haihu a kicin, ko a sito, ko cikin silin, me aka saba yi? A kira yaro, a ba shi kwali ko buhu, a ce ya kwashe ƴaƴan ya kai bola ko bayan gari. Uwar ta dawo ta yi kwanaki tana zagaye gida tana kuka, nono ya cika mata. Su kuwa ƴaƴan, waɗanda ko ido ba su buɗe ba, sanyi da yunwa kan gama da su cikin kwana ɗaya ko biyu, in kare ko shaho bai riga ba. Wanda ya ba da umarnin ba lallai mugu ba ne. Sau da yawa bai san wata hanya ba ce.

Ra'ayin wannan shafi shi ne akwai wata hanyar, kuma ba ta fi ƙarfin matashi mai ɗaki da waya da ɗan haƙuri ba. Sunanta riƙo. Ka ɗauki mage mai jego da ƴaƴanta, ka ba su wuri na kimanin sati 8, in sun tasa a samar musu gidaje, kai kuma ka huta.

Yadda ake yi a inda tsarin ya kafu

A Birtaniya da Amurka ƙungiyoyin kare dabbobi sun daɗe. An kafa RSPCA a Landan a 1824, Henry Bergh ya kafa ASPCA a Amurka a 1866, ita kuma Cats Protection, wadda aikinta kacokan a kan maguna yake, ta fara a Birtaniya a 1927. Irin waɗannan ƙungiyoyi da hukumomin birane suna da gidajen ceton dabbobi, inda ake kai wanda ya ɓata, ko wanda aka yar, ko wanda mai shi ya kasa riƙewa. A Amurka kaɗai, magunan da ke shiga waɗannan gidaje a shekara sun kai kimanin miliyan 3.

Kana iya cewa, tunda akwai gini da ma'aikata, me ya kawo maganar kai wa wani gidansa? Dalilin shi ne gidan ceto ba wurin jego ba ne. Dabbobi da yawa a wuri ɗaya na nufin cuta tana yawo, jariri kuma garkuwar jikinsa ba ta yi ƙwari ba. Mura da ciwon ido suna bin keji keji. Akwai wata ƙwayar cuta mai suna fanlukofeniya da ke sa amai da gudawa, tana kashe ƙanana da sauri, tana kuma iya zama a ƙasa ko a jikin kwano har tsawon shekara. Ga haushin karnuka da ƙarar ƙofofin ƙarfe. Mage mai jego in ta firgita tana iya ƙin shayarwa, ko ta yi ta ɗauke ƴaƴan tana neman maɓoya. Sannan ga ƙarancin hannu: jaririn da ba shi da uwa yana bukatar madara duk bayan awa 2 zuwa 3, dare da rana, gidajen ceto da yawa kuwa ba su da mai kwana. Shi ya sa irin waɗannan jarirai suke cikin waɗanda aka fi yi wa allurar mutuwa a can, saboda rashin mai kula kawai.

Riƙo ne ya toshe wannan ɓaraka. Mai sha'awa zai cike takarda, a tambaye shi yanayin gidansa, a koya masa abin da ya kamata. Yawanci ƙungiyar ce ke biyan kuɗin likita, da yawa kuma har abinci da yashin bayan gida suke bayarwa. Nasa shi ne ɗaki, lokaci da sa ido. Magen tana nan a matsayin ta ƙungiyar, ba shi da ikon sayarwa ko kyautarwa. In ƴaƴan sun kai sati 8, nauyinsu ya kai kusan giram 900, sai ya mayar, a yi musu aikin hana haihuwa su da uwar, a ba waɗanda aka tantance. Kejin da ba su zauna a ciki ba kuwa ya ceci wata dabbar.

A 2020, lokacin kullen korona, gidajen ceto da dama a Amurka sun ga ruwan masu neman riƙo, saboda mutane suna zaune a gida. Kuma soshiyal midiya ta taka rawa sosai. Wata Ba'amurkiya, Hannah Shaw, wadda aka fi sani da Kitten Lady, da bidiyon YouTube da Instagram ta koya wa ɗimbin mutane yadda ake rainon jariran maguna, har ta kafa ƙungiyar Orphan Kitten Club. Wayar da ke hannunta irin wadda ke hannunka ce.

Ai mun san riƙo tun kafin su

Bahaushe bai bukaci a fassara masa wannan kalma ba. Gidaje nawa ne babu ɗan riƙo? Goggo ta ɗauki ƴar ƙaninta, kaka ta yaye jika, kawu ya riƙe ɗan ƴar uwarsa har ya gama makaranta, kowa ya san iyayen suna nan, kuma amana ce. Ko a dabba muna da shi. Ana ba da akuya kiwo a ƙauye. Fulani, musamman a Nijar, suna da al'adar habbanaye: a ba wanda ya rasa dabbobinsa aron saniya, ta haihu a hannunsa, ya riƙe ƴaƴan, ya mayar da uwar ga mai ita.

Abin da ba mu da shi da yawa a garuruwanmu shi ne gidajen ceton da za su tsaya a tsakiya, su biya likita, su nemo masu ɗauka. Wannan gaskiya ce. Sai dai in ka duba tsarin da kyau, ginshiƙinsa mutum ne mai ɗaki. Sauran aikin, wato haɗa mai riƙo da likita da mai son ɗauka, zauren WhatsApp ɗaya na mutum 10 masu gaskiya zai iya yin sa.

Me ya sa sai da uwar?

Mage tana ɗaukar ciki na kwana 63 zuwa 65, ta haifi 3 zuwa 5 a mafi yawan lokuta. Jaririn yana zuwa da nauyin kusan giram 100, ido a rufe, kunne a toshe. Ba ya iya ɗumama jikinsa da kansa sai ya yi sati 3 zuwa 4. Ko fitsari da kashi ba ya iya yi sai uwar ta lashe masa ƙasan ciki. Dakashin da yake sha a ranar farko shi ne rigakafinsa na farko a duniya, kuma bayan wannan rana hanjinsa ba ya iya ɗaukar kariyar da ke ciki.

Ka ga ke nan duk aikin da zai hana mutum barci, uwar ce ke yin sa, kyauta, kuma ta fi ka iyawa. Shi ya sa masu wannan aiki suke cewa sabon shiga ya fara da uwa da ƴaƴanta. A sati 3 na farko aikinka bai wuce ciyar da ita, share wuri, da auna ƴaƴan ba.

A nan ne masu kyakkyawar niyya suke ɓarna ba su sani ba. Ka ga jarirai a kango ko bayan shago babu uwa, tausayi ya kama ka, ka kwashe. Alhali uwar ta je neman abinci ne, ko tana tsakiyar sauya musu wuri ɗaya bayan ɗaya. In suna da tsabta, cikinsu a cike, suna barci a dunƙule, to akwai mai kula da su. Ka barbaɗa toka ko gari a kewayen wurin, ka yi nisa, ka dawo bayan ƴan awoyi ka duba sawu. Sai in jikinsu ya yi sanyi, sun yi datti, suna ta kuka ba ƙaƙƙautawa, ko suna cikin haɗari kamar bakin kwata ana shirin ruwa, sannan ka ɗauka nan take.

Sai kuma ka san irin uwar. Wadda ta saba da mutane za ka iya jawo ta da abinci ka shigar da ita ɗaki tare da ƴaƴan. Wadda ba ta taɓa sabawa ba, tana gurnani tana kai yakushi, kada ka kai mata hannu. Ita ba kyanwar Lami ba ce. Ka bar ta inda take in wurin ba shi da haɗari, ka riƙa ajiye abinci da ruwa daga ɗan nesa, har ƴaƴan su fara cin abinci.

Sati takwas ɗin, dalla-dalla

Wuri: ɗaki mai ƙofa, mara hayaniya, ko da sito ne in iska tana shiga. Kwali mai faɗi da tsofaffin zannuwa ya isa gado. Abinci da ruwa a gefe ɗaya, robar yashi a can ɗaya gefen. In kana da mage a gida, ka raba su aƙalla kwana 14, kada su haɗa kwano. Da hunturu, daren Kano ko Jos ko Damagaram yana iya kashe jaririn da ya gangara daga jikin uwarsa, saboda haka ka rufe saman kwalin da zane, ka sa gorar ruwan ɗumi a naɗe da tsumma a gefe guda, yadda in zafi ya dame su za su iya matsawa. Da bazara kuwa ɗakin kwano da rana tsaka tanda ne, a nema musu inuwa.

Abinci: mai shayarwa tana cin ninki 2 zuwa 3 na abin da ta saba. Mage maciyar nama ce, jikinta yana bukatar wani sinadari mai suna taurin da ake samu a nama da kifi, rashinsa yana lalata ido da zuciya. Ragowar tuwo da shinkafa ba za su riƙe ta ba. In da hali, abincin ƴaƴan maguna na kanti shi ya fi dacewa da ita ma. In babu, dafaffen kifi da aka cire wa ƙaya, kaza, dafaffen ƙwai, da ɗan hanta jefi-jefi, duk ba gishiri ba magi. Albasa da tafarnuwa suna fasa mata ƙwayoyin jini. Ruwa mai tsabta kada ya yanke.

Awo: ƙaramin sikelin kicin ya fi duk wani kayan aiki muhimmanci. Ka auna kowanne kullum a lokaci ɗaya, ka rubuta a waya. Lafiyayye yana ƙara giram 10 zuwa 15 a rana. Wanda ya tsaya cak ko ya ragu, matsala ta fara ke nan tun kafin ido ya gani. Ka ɗora shi a nonon baya, waɗanda suka fi ruwa, in bai gyaru ba ka kira likitan dabbobi.

Ido yana buɗewa tsakanin kwana 7 zuwa 14, kada ka buɗe da hannu. A sati na 3 sun fara tafiya suna tangaɗi. A na 4 ka fara ba su abinci mai laushi a faranti, ka nuna musu yashi. Tsakanin sati na 2 da na 7 ne ake gina halinsu: wanda aka riƙa ɗauka a hankali kullum, ya ji muryar mutane da motsin gida, shi ne zai tashi mai sabo. Wanda bai ga hannu ba a wannan lokaci, da wuya ya yarda da mutum daga baya. Likita zai ba da maganin tsutsar ciki tun suna sati 2 zuwa 3, allurar rigakafi ta farko wajen sati 6 zuwa 8, ta haukan kare kuma in sun kai wata 3.

Yanzu ga abubuwan da ke kashewa, kuma duk suna cikin gidajenmu. Farasitamol guba ne ga mage, hantarta ba ta iya sarrafa shi, ƙwaya ɗaya tana iya halaka ta. Fiya-fiya, maganin sauro na fesawa, da maganin ƙuma na karnuka mai sinadarin fametirin, duk haka. In ƙuma ta kama jarirai, kuma tana iya shanye musu jini har dasashi ya yi fari, ka yi amfani da ruwan ɗumi da ƙaramin mataji mai ƙananan haƙora, ka busar da su sosai. Madarar shanu, ta gwangwani ko ta gari, gudawa take sa su, gudawa kuwa ga mai giram 200 ba wasa ba ce. In dole ta sa ka shayar da hannu, ka nemi madarar da aka yi don su a wurin likitan dabbobi, ka kwantar da shi rub da ciki kamar yadda yake shan nono. In ka rigingine shi kamar jaririn mutum, madarar huhu za ta shiga. Kuma kada ka ba wanda jikinsa ya yi sanyi abinci sai ka fara ɗumama shi.

Ita ma uwar a sa mata ido. Ƙin cin abinci, nono ya kumbura ya yi tauri da zafi, ruwa mai wari daga gabanta, ko karkarwa, duk na gaggawa ne.

Wani abu kuma da ya kamata ka sani tun farko: ko ka yi komai daidai, wani zai iya mutuwa. Akwai masu zuwa da rauni tun daga ciki. Wannan yana faruwa har a hannun ƙwararru.

Lafiyarka da ta mutanen gida

Tausayi ba ya hana hankali. Hukumar Lafiya ta Duniya ta kiyasta cewa ciwon haukan kare yana kashe kusan mutum 59,000 a shekara, mafi yawa a Afirka da Asiya. Kusan duka daga cizon kare ne, amma mage ma tana ɗauka. In magen da ba ka san tarihinta ba ta cije ka ko ta yakushe ka har ya fasa fata, ka wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15, ka tafi asibiti a ranar. Kada ka tsaya jiran alama, domin in alama ta bayyana magani ya ƙare.

Mai juna biyu kada ta kwashe kashin mage, saboda wata cuta, tokzofilasma, da ke iya taɓa ɗan tayi. A riƙa kwashewa kullum, domin ƙwayar tana bukatar aƙalla kwana ɗaya a waje kafin ta iya kama mutum. In ka ga gashi ya zube a kewaye kamar kwabo, mai yiwuwa makero ne, kuma yana kama yara. Wanke hannu bayan kowace taɓawa. In an gama riƙo, a wanke ɗakin da bilic, kashi 1 cikin kashi 32 na ruwa, a bar shi minti 10, a ɗauraye, a yar da kwalin.

"Mutane na fama da yunwa, kuna zancen mage"

Mun san wannan sharhi zai zo, kuma ba za mu raina shi ba. Rayuwa ta yi tsada. Akwai gidajen da ba a ɗora tukunya sau biyu, akwai yara a titi da ba su da mai riƙo. Wanda ke cikin wannan hali babu wanda ya ce ya raba abincin ƴaƴansa da mage. Abin da muke roƙonsa bai kai haka ba: ya bar ta a kangon da ta haihu har sati 8, ya hana yara jifa. Wannan ko sisi ba ya ci.

Maganarmu ta fi karkata ga wani rukuni, kuma sun san kansu. Masu zuba dubban nairori a sayi mage ƴar Farisa mai dogon gashi don a ɗauki hoto, alhali ta gida tana haihuwa a bayan katanga ana korar ta da tsintsiya. Masu ƙona data a kan bidiyon magunan Turai har asuba. In son da gaske ne, ga inda ake bukatarsa. Sannan a rayuwa ta zahiri, wanda ya iya tashi da dare don duba abin da ba zai taɓa ce masa na gode ba, ba shi ne zai wuce maƙwabci mai yunwa ba. Tausayi abu ne da ake koyo, kuma yara suna kallon abin da muke yi. Yaron da aka aika da buhu bola, darasi aka koya masa.

Addinin da mafi yawanmu ke bi bai bar wannan a duhu ba. Bukhari da Muslim sun ruwaito labarin matar da aka yi wa azaba saboda magen da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abinci ba har ta mutu. Sahabin da ya fi kowa ruwaito hadisi, laƙabinsa na Abu Huraira daga ƴar kyanwar da yake ɗauka ya samo shi. Dokar ƙasa ma, ta Penal Code da ke aiki a Arewa, ta sa zaluntar dabbar gida cikin laifuka. Shi kuwa canfin cewa baƙar mage mayya ce ko aljana, haba ƴan uwa, launin gashi gado ne, kamar yadda akuya ke zuwa ja ko baƙa.

In ba a rufe famfo ba

Ga inda masu riƙo da yawa suke tsayawa, kuma nan ne aikin yake. Mage tana iya ɗaukar ciki tun tana wata 4. Tana iya sake ɗauka tana cikin shayarwa. A Turai da Amurka haihuwar tana da lokaci, daga bazararsu zuwa kaka, saboda tsawon yini ne ke tayar musu da sha'awa. Mu da muke kusa da tsakiyar duniya, yininmu ba ya gajarta sosai, don haka kusan duk shekara ake haihuwa. Haihuwa 2 ko 3 a shekara, ƴaƴa 4 kowace, ka ga 8 zuwa 12 daga uwa ɗaya, kuma matan cikinsu za su fara nasu kafin shekara ta zagayo. In ka raini waɗannan ka saki uwar haka, bayan wata 3 ko 4 wani kwalin ne.

Shi ya sa gidajen ceto ba sa sallamar uwa sai an yi mata aikin hana haihuwa, Cats Protection kuma tana ba da shawarar a yi wa ƴaƴan tun suna wata 4. Wasu za su ce an shiga hurumin da ba namu ba. Amma mu ne fa muke fiɗiye bunsuru ya zama taure, ba wanda ya ɗaga gira. Bambancin shi ne wannan aikin likita ne, da allurar barci da kayan aiki masu tsabta, ba na wanzami ko ɗan unguwa ba. Wanda zuciyarsa ba ta natsu ba ya tambayi malamin da ya amince da shi, ya kuma gaya masa abin da ke faruwa da ƴaƴan in ba a yi ba. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ta Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato da ta Maiduguri duk suna da asibitocin koyar da likitancin dabbobi, jihohi suna da nasu asibitocin, cibiyar binciken dabbobi ta Vom a Filato kuma tana haɗa allurar haukan kare. Ka je ka tambayi farashi kafin ka ɗauki nauyi.

Abin da muke nema daga gare ku

Kada ka ɗauko mage ka shigo da ita gidan da ba naka ba sai ka nemi izini. Ka zauna da Mama da Baba, ko mai gidan haya, ka faɗi ɗakin da za a sa ta, wanda zai share, da ranar da za a gama. Iyaye sun fi saurin yarda da abin da ke da wa'adi. Ɗalibin da zai koma makaranta bayan sati 3 kada ya fara, sai in akwai wanda zai karɓa.

Ku haɗu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Wani yana da ɗaki ba shi da kuɗi, wata tana da kuɗin kifi amma gidansu ba a yarda ba, wani ɗalibin likitancin dabbobi ne, wata kuma tana da mabiya dubbai a Instagram. In kuɗi ya shiga tsakani, a rubuta abin da aka karɓa da abin da aka kashe, a nuna rasit, domin mun sha ganin yadda neman taimako a intanet ke zama sana'a.

Ku fara neman gidaje tun suna sati 5, amma kada a ba da kowa kafin sati 8. Mai nema a tambaye shi: su wa ke gidan, sun yarda, me zai ciyar da ita, zai kai ta allura? Wanda ya ji haushin tambaya, ba shi ba ne. Ku faɗi gaskiyar halin kowanne, mai tsoro a ce mai tsoro ne. In zai yiwu a ba da biyu tare, sun fi natsuwa. Kada kuma a manta da uwar, domin kowa ƙananan yake so, ita ce ke yin kwantai.

Masu ɗaukar bidiyo, ku ɗauka, amma ku nuna har da wankin roba da awon safe, don mai kallo ya san abin da zai shiga. Kada a tashi jariri daga nono don neman hoto, kada a haska masa fitilar waya a ido.

Ranar rabuwa za ta yi ciwo, babu ko shakka. Sabo ne. A can ma akwai masu kasa mayarwa, har tsokanarsu ake yi. In ka riƙe ɗaya, ba laifi. Amma in ka riƙe duka, ɗakin ya cika, magen da za ta haihu a bayan shagon unguwarku wata mai zuwa ba ta da wurin zuwa. Ka miƙa su, ka roƙi a riƙa turo maka hoto, ka wanke ɗakin, ka huta sati biyu, sannan ka sanar a zaure cewa akwai wuri.